Baƙo a birnin Kano: Abin da ɗan yammacin Zamfara ke tararwa

A kowace shekara, da zarar an gama girbi an kai amfanin gona rumbu, matasa daga ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum kan ɗaure kayansu su nufi birane domin cin-rani. Wasu kan tsaya a Gusau ko Sakkwato, wasu su gangara kudu, amma da dama Kano suke dosa.

A 'yan shekarun nan tafiyar ta sauya kama. Ban da masu neman kuɗin taki da na aure, akwai waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, kuma ba su da ranar komawa.

Ko wanne ne ya kawo mutum, birnin da zai tarar ɗaya ne: babba, mai hayaniya, mai tsada, wanda kuma ya shafe ɗaruruwan shekaru yana karɓar baƙi.

Tsohuwar hanya

Alaƙar yammacin Zamfara da Kano ta girmi Najeriya. A ƙarni na 19 garin Gummi, wanda ke bakin gulbin Zamfara, zango ne a kan hanyar fataken da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, domin sayo goro. A nan ne 'yan kasuwar da ake kira Kambarin Barebari suka yi kaka-gida, kuma sunansu na cikin manyan masu fataucin goro na wancan zamani.

Ba kullum ba ne aka yi zaman ciniki. Littafin Tarihin Kano ya ambaci yaƙin da Zamfarawa suka kawo wa Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18, lokacin da daular Zamfara ke da ƙarfinta. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, gidan sarautar ya yi ta ƙaura, har ya zauna a Anka, inda Sarkin Zamfara yake har yau.

Matafiyin yanzu kuwa mota yake shiga. Daga Gummi ko Bukkuyum hanya ta bi ta Anka ta faɗa babban titin Sakkwato zuwa Gusau a Mayanci, daga nan sai Tsafe da Funtuwa. Direbobi da yawa kan yanke ta Malumfashi da Gwarzo su shiga Kano ta Kabuga. Tafiya ce da ke cin mafi yawan yini, kuma saboda matsalar tsaro ba a son dare ya riski mota a hanya, shi ya sa ake sammako.

Abin da ke tayar da mutane daga gida ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2010 gubar dalma da ke fitowa daga duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar. A watan Janairun 2022 kuma aka kai wasu munanan hare-hare a ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu, inda mazauna yankin suka ce an kashe mutane kusan 200, ko da yake hukumomi sun ce 58 ne. Yawancin waɗanda suka tsere garuruwa mafi kusa suka fara faɗawa, amma idan zama ya yi tsawo, magidanci kan bar iyali wurin dangi ya tafi nema.

Girman birnin

A ƙidayar jama'a ta 2006 an lissafa mutane kusan miliyan 9 da dubu 400 a jihar Kano, yayin da jihar Zamfara baki ɗayanta ke da miliyan 3 da ɗoriya. Abin da ake kira birnin Kano da kewaye ya haɗe ƙananan hukumomi takwas: Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya gane shi ne bambancin “cikin gari” da “waje”. Cikin gari shi ne tsohon birnin da ganuwa ta kewaye, mai lunguna da gidajen gado, inda kowa ya san asalin maƙwabcinsa. Waje kuwa ya ƙunshi Fagge, tsohon zangon ayarin Azbinawa, da Sabon Gari, wanda aka kafa wa ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, da Nasarawa inda Turawan mulki suka zauna, da kuma sababbin unguwannin da ke ta tsirowa ba dare ba rana.

Sunayen unguwannin cikin gari kansu shaida ne cewa baƙunta ba sabon abu ba ce a Kano. Akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa, akwai Ayagi ta Yarabawa, akwai Dandalin Turawa, inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, domin su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Jikokin waɗannan baƙi a yau su ne Kanawan da ke tsokanar baƙo.

Harshe

Tsokanar kuwa daga baki take farawa. Mutumin Gummi ko Anka ba ya buƙatar faɗin garinsu: da ya ce “mi” maimakon “me”, ko “yat tahi” maimakon “ya tafi”, ko “munka zo” a wurin “muka zo”, Bakano ya riga ya yanke hukunci cewa Basakkwace ne. A kunnen mafi yawan mutanen Kano, duk wanda ya fito daga yamma da Funtuwa Basakkwace ne, ko da kuwa an cire Zamfara daga jihar Sakkwato tun ran 1 ga watan Oktoban 1996.

Galibi raha ce, kuma baƙon da ya iya ramawa shi ke saurin yin abokai. Sai dai a kasuwa harshen na iya jawo tsada, domin ɗan kasuwar da ya ji baƙon lafazi yakan ɗaga farashi ya ga iya sanin mai saye. Tayi a Kano ba abin kunya ba ne, kuma “albarka” ba ta nufin an gama magana.

Masauki da sana'a

Da wuya ɗan cin-rani ya sauka Kano ba tare da sunan wani a bakinsa ba. Akan bi sawun ɗan gari ne da ya riga zuwa, shi zai ba da wurin shimfiɗa tabarma, shi zai nuna inda ake samun aiki, sau da yawa kuma shi zai tsaya wa sabon zuwa a wurin maigida. Wannan ya sa ake samun mutanen gari ɗaya sun taru a sana'a ɗaya.

Sana'o'in dai sanannu ne: dako a kasuwanni, turin kurar ruwa, gadi, faskare, yankan farce, wankin takalmi, leburanci a wuraren gini, sayar da rake ko shayi. Sayar da ruwa na cikin waɗanda ba sa yankewa, saboda ruwan famfo daga matatun Tamburawa da Challawa da Watari ba ya isa unguwanni da yawa. Mai kura kan biya kuɗin hayarta kullum, ya sayi ruwa a rijiyar burtsatse, abin da ya rage shi ne nasa.

A da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa na ɗaukar dubban leburori. Da yawa daga cikinsu, musamman masaƙu, sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje, don haka a yau kasuwa ce ta fi ɗaukar baƙo.

Wurin kwana shi ne babbar matsala. Marasa iyali kan kwana a shago ko soron wani gida ko kangon da suke gadi, ko su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya su biyar ko shida. Mai iyali kuwa sai ya nufi unguwannin gefe irin su Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Kurna da Bacirawa da Rimin Kebe, inda haya ke da ɗan sauƙi. A al'ada kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ban da la'adar dillali. Yana da kyau sabon mai haya ya gabatar da kansa ga mai unguwa, domin a wannan zamani na zargi, wanda aka ji daga Zamfara ya fito yakan sha tambayoyi, alhali sau da yawa shi ne wanda 'yan bindiga suka kora.

Abinci kuwa ba ya yankewa a titi, tun daga koko da ƙosai da asuba, ɗanwake da garau-garau da rana, har zuwa tsire da gurasa da dare. Gurasa ita ce abin alfaharin Kanawa, kamar yadda hoce yake a wurin mutanen yamma, kuma baƙo zai daɗe yana nema kafin ya sami hocen da ya kai na gida.

Zirga-zirga da dokoki

Matashin da ya zo da niyyar yin acaɓa kamar yadda ake yi a Gummi ko Anka zai tarar da labari daban. Gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Abin hawan jama'a shi ne babur mai ƙafa uku, wanda ake kira A Daidaita Sahu, sunan da ya samo daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta fara kawo su domin ɗaukar mata.

Yadda ake hawansa sai an koya. Idan mutum ya shiga tare da wasu a kan hanyar da direba ya saba bi, kuɗin kaɗan ne; idan ya ce a kai shi shi kaɗai, wannan shata ce, kuma gara a yi ciniki kafin a tashi. Kuɗin mota ya ninka tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har ta kai masu ƙaramin ƙarfi da yawa sun koma tafiya a ƙasa.

Kan tituna akwai jami'an hukumar KAROTA masu kula da dokokin hanya, a unguwanni kuma akwai 'yan Hisba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bazamfare, tun da jiharsa ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, kafin Kano ta bi sahu a shekarar 2000. Abin da ya fi shafar 'yan gudun hijira shi ne dokar hana bara a tituna, wadda gwamnatocin jihar suka sha jaddadawa tun daga 2013. Mata da yaran da talauci ya tura bakin danja na iya samun kansu a hannun hukuma.

Sai kuma ƙwacen waya da faɗan 'yan daba, waɗanda mazauna birnin suka daɗe suna kuka da su. Shawarar da 'yan gari ke bayarwa ita ce kada a fito da waya a lungu bayan magariba, kada kuma a yi jayayya da mai makami. Idan yaro ya ɓata, abin da ke yawan faruwa ga sababbin zuwa, akan fara da gidan mai unguwa da ofishin 'yan sanda, sannan a kai cigiya gidajen rediyo.

Ba duk baƙo ne nema ya kawo shi ba. Da yawa jinya suke zuwa, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya, ko Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, ko Asibitin Ƙashi na Dala. Masu jinya kan kwana a barandar asibiti na makonni, kuma wasunsu abin da suka sani na Kano ke nan har su koma.

Kasuwanni

Wanda ya saba da kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako zai tarar a Kano kowace haja da kasuwarta, kuma kullum ci take yi. Kantin Kwari ta atamfa da shadda ce, Singa ta kayan masarufi, Dawanau ta hatsi, 'Yankaba ta kayan gwari, 'Yan Lemo ta 'ya'yan itatuwa, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da na gyaran mota. Kasuwar Sabon Gari, mai sunan Abubakar Rimi, wadda gobara ta yi wa mummunar ɓarna a 2016, ta haɗa komai. Manomi daga yammacin Zamfara da ya leƙa Dawanau zai ga inda wake da dawar da dillalai ke saye a ƙauye suke ƙarewa, zai kuma ji farashin da ake sayar da su.

Uwar kasuwannin ita ce Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Nan ne ayarin Sahara ke sauke gishiri da kayan Tarabulus, su ɗauki fatu da tufafin da aka rina. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya kuma yi dogon bayani kan yadda tufafin birnin ke kai wa har Timbuktu. Kurmi ta yau ta rage armashi, lungunanta a matse suke, amma har yanzu nan ake zuwa neman kayan doki da takalman fata da ƙwarya da turare da littattafan addini.

Wuraren ganin ido

Ranar Juma'a, ko ranar da aiki ya yi sauƙi, ita ce ranar yawon buɗe ido ga baƙo, kuma mafi yawan wuraren tarihi ana iya zaga su da ƙafa.

Dutsen Dala shi ne mafari. A nan ne, bisa Tarihin Kano, Barbushe ke jagorantar bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa daga shekarar 999. Akwai matakala har sama, kuma daga can mutum zai hango Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci da rufin kwano iya ganinsa. Babu inda ya fi nan nuna wa baƙo girman garin da ya shigo. A ranar Takutaha, mako guda bayan Maulidi, dutsen kan cika maƙil da jama'a. Abin takaici shi ne yadda gidaje suka matse gindinsa, zaizayar ƙasa kuma na cin gefensa.

Daga nan sai Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune fiye da shekaru 500, da Babban Masallacin Juma'a a gefenta. Daura da fadar akwai Gidan Makama, wanda shi ma ginin zamanin Rumfa ne. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci garin, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne, inda ake nuna tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke da kayan yaƙi da hotunan zamanin mulkin mallaka. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

A Ƙofar Mata akwai karofin da aka ce an haƙa tun 1498. Har yau marina na tsoma zane a ruwan baba da toka kamar yadda kakanninsu suka yi, a kusa kuma masu bugu na dukan shadda har ta yi ƙyalli. Rijiyoyin da ke aiki kaɗan ne a kan waɗanda aka bari, domin rinin zamani ya kwashe kasuwar.

Ita kuwa ganuwa, ko badala kamar yadda Kanawa ke cewa, an fara gina ta ne a zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ta wajen Kabuga, inda motocin Zamfara ke shigowa a yau, dakarun Ingila suka fasa ta ran 3 ga watan Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato da mafi yawan mayaƙansa. A 2007 Najeriya ta saka ta cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, amma abin da Turawa ba su rusa ba masu gine-gine da masu ɗiban ƙasa sun ci mafi yawansa. Baƙon da ke son ganin ragowarta sai ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da Dukawuya.

A wajen gari akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, da gidan Mumbayya a Gwammaja, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, da kuma gidan namun daji na Audu Baƙo, wanda yara suka fi so, musamman a ranakun Sallah.

Hawan Sallah

Babban abin kallo a Kano shi ne hawan Sallah. Akan kwashe kwanaki ana yi: hawan Idi, sai hawan Daushe da yamma a Ƙofar Kudu, inda hakimai ke jahi a gaban sarki, sai hawan Nasarawa, sannan hawan Ɗorayi ko Fanisau. Mutumin Anka ko Gummi ya san hawa a garinsu, amma yawan dawaki da 'yan lifida da dogarai da 'yan bindigar gargajiya na Kano abu ne daban. A watan Disambar 2024 UNESCO ta saka hawan cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sai dai rikicin sarauta ya taɓa shi. Bayan rasuwar Alhaji Ado Bayero a 2014, wanda ya shekara 51 a kan gado, an naɗa Muhammadu Sanusi na Biyu, aka sauke shi a 2020 aka naɗa Aminu Ado Bayero, sannan a watan Mayun 2024 gwamnatin jihar ta mayar da Sanusi, lamarin ya koma kotu. Saboda haka 'yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar 2024 da kuma sallolin 2025.

Yawancin 'yan cin-rani dai ba su cika ganin hawan ba ko a shekarun da aka yi shi, domin kowa na son yin Sallah a gida. Lokacin komawa na gaskiya kuwa shi ne faɗuwar damina, wajen watan Mayu ko Yuni, sa'ad da tashoshin mota ke cika da masu buhunan taki da atamfofi da rediyo da fitilar sola. Waɗanda ƙauyukansu suka tashi, ko gonakinsu ke hannun 'yan bindiga masu neman a biya su kafin a yi shuka, su kan raka 'yan'uwansu tasha, su ba da saƙo, su koma bakin kurarsu.